Sunaye Goma Sha Biyu a Bangon Kebbe

Sambo Atu ya yi shekara takwas yana aikin disfensa a Kebbe kafin abin ya faru. Tsohon soja ne, cikin masu ɗaure rauni a lokacin yaƙin basasa, kuma daga can ya dawo da ɗan ɗingishi da hannu mai saurin ɗinki. Ɗakin shan maganinsa ciki biyu ne da baranda. Shi ke yin allura, shi ke cire haƙori, shi ke ɗinke wanda sa ya soka. Idan haihuwa ta gagari ungozoma, shi ake kira ya tsaya a bakin ƙofa yana gaya mata abin da za ta yi.

A shekarar 1978 arzikin mai ya iso har can. Aka ba wani ɗan kwangila mai suna Ɗanmaliki ginin sabon asibiti mai gado ashirin a gabas da gari. Gini ya kai rufi, sai aka yi sanarwa a rediyo cewa za a ɗauki mutum goma sha biyu daga yankin, maza da mata, a kai su Sakkwato koyon aikin nas da na ungozoma, su dawo su riƙe asibitin. Mutum arba'in da ɗaya suka nema.

Kwamitin ɗaukar ya zauna kwana uku a wani ajin firamare a Tambuwal. Shugabansa Alhaji Namadi ne, jami'in mulki mai sanyin murya. Akwai wata sista, wato babbar nas, da aka turo daga Sakkwato, sai Sambo, wanda aka ɗora wa gwajin hannu: wanke ciwo, ɗaure bandeji, karanta ma'aunin zafin jiki, da soka allura a jikin lemo.

A rana ta biyu wata yarinya daga Fakku ta shigo, Na'inna, siririya mai manyan hannaye. Ta gama aji bakwai, ta kuma yi shekara uku tana bin ungozomar garinsu. Ta ɗaure bandeji a gwiwar masinja, Sambo ya duba, ya kwance, ya ce ta sake ko sa'a ce. Ta sake, ya fi na farko kyau. Bakinsa ya suɓuce, ya ce mata, "Tun jiya ban ga hannu irin naki ba." Bai kamata ya faɗa ba, amma ya faɗa.

Cikin masu nema har da 'yarsa Husaina. Da aka kira ta, Sambo ya tashi ya fita, sista ce ta gwada ta. Da aka gama, shi aka ba haɗa maki. Ya jera su a littafin rubutunsa, daga na ɗaya har na arba'in da ɗaya, sannan ya kwafe a farar takarda, su uku suka sa hannu. Na'inna ce ta ɗaya. Husaina ta goma sha tara. Da suka koma gida bai ɓoye mata ba.

"Ba ki ci ba, Husaina. Ki ƙara ƙoƙari, in Allah ya kai mu baɗi ki sake."

Ta yi kukanta, ta share hawaye, magana ta wuce.

Bayan mako uku, ranar kasuwar Kebbe da hantsi, masinja ya sauka daga motar Tambuwal ya kafa takarda a bangon barandar, ya yi gaba. Lokacin Sambo yana ciki yana tsaga wa wani Bafillace maruru a ƙafa. Ya ji wani malamin makaranta yana karanta sunaye da ƙarfi saboda waɗanda ba su iya boko ba. Bai sa kunne sosai ba sai da ya ji an ce, "Na fuɗu, Husaina Sambo Atu." Ya tsaya da aska a hannu. Aka karanta har na goma sha biyu, ba Na'inna.

Hayaniya ta tashi. Iyaye da 'yan uwan masu nema sun cika kasuwa ranar, daga Fakku da ƙauyukan kewaye. Wanda ya fara shigowa shi ne Attahiru, yayan Na'inna, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, ya kuma toshe kunne ga duk masu cewa ya cire ta daga makaranta.

"Malam Sambo, fito."

"Ina da mara lafiya a hannu, Attahiru. Dakata kaɗan."

"Fito nac ce! Kai da bakinka kac ce ma yarinyag ga ba ka ga irin hannunta ba. Ina sunanta? Ka cire ta ka sa ɗiyarka!"

Sambo ya fito ya tsaya gaban takardar. Ga hatimi, ga sa hannun Namadi. Bakwai daga cikin sunayen ba su ne suka ci ba, biyar daga cikin bakwai ɗin kuwa bai taɓa ganin masu su a ɗakin gwaji ba. Ya juyo ya ɗaga hannu.

"Jama'a, wallahi ban san da..."

Dutse ya same shi a saman kunne. Kafin ya dafe wurin, Attahiru ya shaƙe wuyan rigarsa ya fizgo shi daga baranda, ya faɗi rub da ciki. Suka rufe shi. Wasu da sanda, wasu da itacen da aka kawo sayarwa, wasu da ƙafa. Ya dunƙule ya rufe kai kamar yadda aka koya masa a soja, amma wani ya take shi a haƙarƙari har ya ji ƙashi ya yi ƙara. Wasu samari suka faɗa ciki suka kifar da kabad ɗin magani. Kwalabe suka tarwatse, maganin aidin ya malala har bakin ƙofa. Bafillacen ya tsere ta taga da ciwonsa a buɗe. Wata tsohuwa da ke jiran maganin tari aka bi ta kanta, hannunta ya karye.

Husaina ta taho da kwanon abincin mahaifinta. Ta yar da shi ta kutsa tana ihu. Wata mata ta cafke ta ta gashi, tana cewa, "Ga ɓarauniyar nan!" Aka mare ta har leɓenta ya fashe.

Liman Malami ne ya cece su. Tsoho ne, ya ratsa taron ya tsaya a kan Sambo ya buɗe hannuwan rigarsa, ya ce duk mai son ƙara duka ya fara da shi. Dogaran hakimi suka iso da bulala, mutane suka watse. Kafin yamma an turo 'yan sanda shida daga Tambuwal su zauna a garin.

Da azahar Sambo yana zaune a tsakar gidansa, ido ɗaya a rufe, fatar kansa a tsage. Ba wanda zai ɗinke shi a duk Kebbe sai Husaina. Ya riƙe madubi da hannu ɗaya yana gaya mata inda za ta soka. Babu maganin kashe zafi, duk ya zube. Sau biyu zaren yana zamewa. Ɗinki bakwai ta yi masa.

Da ta gama ta ce, "Baba, kai ka sa sunana?"

"A'a."

"To tunda an sa, ka bari in tafi. An riga an buge ka a kai, an buge ni. Mi za mu samu in na fasa?"

"Wurin wani na, Husaina."

"Ni ban ƙwace ma kowa ba! Ko roƙo ban yi ba!"

"Na sani. Amma na san makinki, ke ma kin sani."

Ta tashi ta shige ɗaki. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

A rana ta uku da safe ya ɗaure haƙarƙarinsa da zane, ya kira ta. Ya ba ta littafin ya ce ta kwafe sunayen da makinsu duka a wata takarda, domin idonsa bai gani sosai. Ta zauna ta kwafe ba tare da ta ɗago kai ba. Da ta zo kan nata sunan ta ɗan tsaya, sannan ta rubuta. Ya nuna takardar ya ce, "Wagga ta zauna gida." Ya sa littafin a aljihu, ya hau babur ɗinsa yana cije baki, ya nufi Tambuwal.

Ofishin Alhaji Namadi da fanka da sabon firiji. Ya tarbe shi da jaje, ya sa aka kawo masa lemo mai sanyi. Sambo bai taɓa ba.

"Ranka shi daɗe, takardar da munka sa ma hannu ba ita aka kafa a Kebbe ba."

"Malam Sambo, kai ba yaro ba ne. Sunaye sun zo daga waɗanda ba a ce musu a'a. Uku ma na Ɗanmaliki ne, mutumin da ya gina muku asibitin. Da na ga haka sai na tuna da kai, na ce kai ma kana da 'ya. Ina laifina?"

"Ka sa sunanta don in yi shiru."

"Na sa don ka amfana."

"Yaran ga biyar ko ƙofar aji ba su taka ba. Su za a ba allura su soka ma mutane? Su za su karɓi haifuwa?"

"Za su koya. Ai don haka za a kai su makaranta." Namadi ya miƙo hannu. "An ce kana da wani littafi. Kayan kwamiti ne, ka bar shi nan."

"Da kuɗina nis saye shi. Sakkwato nika zuwa da shi yanzu."

Namadi ya janye hannunsa, ya dube shi ya daɗe. "Hanya da nisa, ga ka ba lafiya. Ka koma gida ka kwanta."

Sambo ya fita. Ya tsaya ya yi sallar azahar, ya sha mai, ya hau titin Sakkwato. Bai kai Dogon Daji ba sai ya ji tifa a bayansa tana ta ƙaho. Ya kauce gefe. Tifar ta wuce shi sannan ta karkato ta tare shi, ya faɗa cikin kwalbati, babur ya danne masa ƙafa. Lebura huɗu suka diro da shebur. A gaban motar Ɗanmaliki na zaune da farar riga, bai ko sauko ba, gilashi kawai ya sauke.

Suka jawo Sambo zuwa bakin titi. Ɗaya ya lalube aljihunsa ya ciro littafin ya miƙa ta taga. Ɗanmaliki ya buɗe, ya duba, ya jefo shi ƙasa.

"Malam, da wane hannu kaka rubutu?"

Ɗanmaliki ya leƙo ya dubi hannuwan Sambo.

"Na dama na. Ku gyara mai shi."

Biyu suka danne shi, na uku ya take wuyan hannunsa a kan kwalta. Na huɗun ya tsaya da shebur ya kasa ɗagawa. Sambo ya gane shi: Arzika ne, ɗan Sanyinna, wanda ya yi wa jinyar saran maciji a wurin ginin watanni biyar da suka wuce. Arzika ya kawar da kai ya ce, "Alhaji, ni ba ni iyawa." Ɗanmaliki ya zage shi ta uwa ta uba. Wani ya fizge shebur ɗin daga hannunsa ya sara da gefensa, sau uku. A na farko Sambo ya yi ƙara. A na uku bai san inda yake ba.

Suka zuba man babur a kan littafin da babur ɗin, suka ƙyasta ashana, suka tafi. Wasu manoma da ke yankan gero suka hango hayaƙi suka zo. Su suka kai shi Dogon Daji a kan jaki, daga nan aka sa shi a motar kaya zuwa asibiti a Sakkwato. Kafin a tafi da shi ya farfaɗo ya faɗa musu wanda ya sa aka yi masa haka.

Washegari labari ya iso Kebbe ta bakin direbobi. Maryam, matar Sambo, ta san da takardar da ke cikin akwatin Husaina. Tana haɗa kayan tafiya jinya ta ce, "Ki ƙone ta. Sun karya ubanki a kanta, ke ma kashe ki za su yi. In kin yi shiru ko ba komi kin samu aiki, mu samu mai riƙe mu, don shi kam hannunsa ya tafi."

Husaina ba ta ƙone ba, ba ta kuma fitar ba. Ta yi kwana biyu tana buɗe akwatin tana rufewa. Tana son aikin nan. Ta riga ta ga kanta cikin farin kaya. Kuma gaskiyar uwarta ce, gidan zai buƙaci mai albashi. Amma duk wanda ya wuce ƙofar gidansu sai ya tofar da yawu, har yanzu gari na cewa Sambo ya sayar da guraben ne suka saɓa da abokan cin nasa wajen rabo.

Ranar Juma'a da safe ta sa mayafi ta tafi gidan Liman Malami. Ta durƙusa daga bakin zaure ta miƙa takardar. Ya sa aka kira malamin makarantar nan ya karanta masa. Da aka gama ya ce, "Ɗiyata, kin san inda sunanki yake a nan?"

"Ni nar rubuta, Malam."

"In anka karanta wagga takarda, kin fita."

"Na sani. A karanta."

Niyyar Liman ita ce mutane su ji gaskiya, a wanke Sambo, sannan dattawa su rubuta koke a kai Sakkwato. Bayan an sallame sallar Juma'a ya ce kowa ya zauna. Malamin makaranta ya karanta sunaye arba'in da ɗaya da makinsu. Na ɗaya Na'inna. Ta goma sha tara Husaina. Liman ya faɗi wanda ya kawo takardar, ya faɗi abin da aka yi wa Sambo a hanyar Dogon Daji da dalilin da ya sa.

Rabin waɗanda suka doki Sambo suna cikin sahu. Attahiru ya miƙe tsaye.

"Ashe mutumin da nij ja a ƙasa, ƙanwata shika ma faɗa?"

"Zauna, Attahiru," in ji Liman. "Takarda za mu rubuta."

"Takarda ta nawa, Malam? Wadda anka sa ma hannu sun canja, wadda yar riƙe sun ƙone!"

Ya fita ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Samari suka bi shi, manya suka bi samari. Liman yana kira, muryarsa ba ta kai ƙofa ba.

Suka isa wurin ginin sun fi mutum ɗari biyu, da lauje da gatari da tabarya. Ɗanmaliki ba ya nan, yana Sakkwato tun Laraba. Leburan da suka hango taron suka tsallake katanga suka shiga gonaki. Aka cinna wa tifar wuta. Aka farfasa gilasan tagogin sabon asibitin ɗaya bayan ɗaya, aka ɓalle ƙofofi, aka tara gadajen da ko ledarsu ba a cire ba aka zuba musu kananzir.

Mutum ɗaya ne bai gudu ba. Arzika yana zaune a ƙofar ɗakin siminti, domin a ganinsa ba shi da abin gudu. Wani ya nuna shi ya ce yana cikin tifar ranar. Ya miƙe yana ɗaga hannuwa.

"Ban taɓa shi ba! Ku tambayi Malam Sambo, wallahi ban taɓa shi ba!"

Ba wanda ya saurara. Attahiru ya fara kai masa gora a kafaɗa, ya faɗi. Ya tashi ya ruga, aka tare shi a jikin tarin bulo. Da bulon aka gama da shi. Ya daɗe da daina motsi ana ci gaba da jifa.

'Yan sandan nan shida suka iso a guje. Suka harba barkonon tsohuwa, iska ta mayar musu da shi. Duwatsu suka fara sauka a kansu, ɗaya ya faɗi da fashewar goshi. Sajansu ya ba da umarni, aka buɗe wuta. Wani saurayi ɗan shekara goma sha tara ya mutu nan take. Harsashi ya shiga cinyar Attahiru ya farfasa ƙashi. Cikin minti biyu filin ya zama ba kowa sai na kwance da takalma da hayaƙi.

Mutum goma sha ɗaya aka kwaso zuwa tsohon ɗakin shan magani, inda har yanzu fasassun kwalabe ke ƙasa, ga shi ba disfensa. Na'inna tana gidan gwaggonta a cikin gari tun ranar kasuwa. Ta zo da gudu, ta tarar da Husaina ta riga ta buɗe ƙofa tana yayyaga zannuwa. Ba su gaisa ba. Na'inna ta durƙusa kan yayanta, ta ɗaure saman cinyar da ɗankwalinta, ta sa kara ta murɗa har jinin ya tsaya.

"Riƙe nan," ta ce wa Husaina. "Kak ki saki sai na ce."

Husaina ta riƙe. Na'inna ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya, tana ware wanda zai iya jira da wanda ba zai iya ba. Da ruwan zafi da gishiri da tsumma suka yi aikin har motar da za ta kwashi masu rauni ta iso bayan la'asar. Duk sha ɗayan sun kai Sakkwato da rai. A can aka yanke wa Attahiru ƙafa.

Saboda an rasa rayuka, aka turo masu bincike. Suka karɓi takardar Husaina, suka nemo sistar da ta zauna a kwamiti. Ita ma ta ajiye nata makin, kuma ya yi daidai da abin da Husaina ta kwafe. Aka soke sunayen goma sha biyu. Aka sake gwaji a filin makarantar firamare ta Kebbe, a ƙarƙashin itatuwa, kowa na kallo, ana rubuta makin kowa a allo da zarar ya gama. Yaran nan biyar ba wanda ya zo. Na'inna ta zo ta biyu a wannan karon, domin daga jinyar yayanta ta taho, ba ta yi barcin kirki ba. Husaina ta shiga, ta zo ta goma sha huɗu. Ba ta sake nema ba. Daga baya ta yi kwas ɗin koyarwa ta zama malamar aji biyu.

Alhaji Namadi aka mayar da shi wani yanki da muƙaminsa. Ɗanmaliki ya kawo shaidu uku da suka rantse yana Gusau ranar da aka tare Sambo, leburan kuma ba a sake ganinsu ba. Shi aka ba kwangilar gyara abin da aka ƙone. Attahiru da wasu mutum biyar aka ɗaure su saboda kisan Arzika. Da sanda ya shiga gidan yari. Asibitin bai buɗe ba sai bayan shekara biyu da rabi.

Sambo ya yi wata biyu a gadon asibiti. An ceto hannun, amma yatsu uku sun sandare, ba ya iya riƙe sirinji ko almakashi. Aka sallame shi daga aiki. Da ya dawo Kebbe mutane suka yi ta zuwa neman gafara, wasu da kaji, wasu da damin gero. Ya ce ya yafe, amma ba ya iya daɗewa zaune da su. Da Husaina ta kawo masa ruwa ranar da ya dawo, ya dube ta ya ce, "An gaya mini." Ta ce, "To, Baba." Iyakar abin da suka taɓa faɗa a kan maganar takardar ke nan.

Sati ɗaya da dawowarsa ya ce zai je Sanyinna. Maryam ta ce bai warke ba, ya ce ya warke daidai tafiya. Ya shiga motar kasuwa, ya yi tambaya har aka nuna masa gidan su Arzika, wani ɗan gida mai dangar kara a bayan gari. Mahaifiyarsa tsohuwa ce, tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ga 'ya'yan Arzika biyu ƙanana a gefenta. Ya yi sallama, ya zauna a ƙasa, ya faɗi ko shi wane ne. Ta daina ɓarar. Ta dubi hannun nasa da ke kan gwiwa.

"Kai ne disfensan?"

"Ni ne, Inna. Na zo ta'aziyya. Allah shi jiƙan Arzika."

Can ta ce, "Mutane na faɗin shi yak karya ma hannu. Ko wurin zaman makoki wasu ba su zo ba saboda haka. Ina son in ji daga bakinka."

"Bai taɓa ni ba. An ba shi shebur an ce shi sara, yac ce ba shi iyawa. Gaban idona anka zage shi saboda ni."

Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta daɗe a haka, kafaɗunta na motsi. Da ta buɗe ta ce, "Za ka faɗi haka a masallacinmu? Yaran ga za su girma a garin ga."

"Zan faɗa."

Lokacin azahar ya kusa. Ta sa aka kawo masa buta, ya yi alwala da hannun hagu, babban yaron ya raka shi har ƙofar masallacin. Da liman ya sallame, Sambo ya miƙe ya roƙi jama'a su ɗan dakata, ya faɗi sunansa da garinsu, ya ba su labarin abin da ya faru a hanyar Dogon Daji tun daga farko.